Yadda Ake Tsara Rabon Abinci Idan Ƙasa Ta Shiga Yaƙin Duniya

Lokacin da Birtaniya ta shelanta yaƙi kan Jamus, ranar 3 ga Satumba 1939, a farkon yaƙin duniya na biyu, kusan kashi biyu cikin uku na abincin da mutanenta ke ci ta teku yake shigowa, kimanin tan miliyan 20 kowace shekara. Jamus ta san da haka, shi ya sa jiragenta na ƙarƙashin ruwa suka tasa jiragen dakon kaya a gaba. Duk da haka aka yi shekara shida ana gwabzawa ba a yi yunwa a Birtaniya ba. A yaƙin duniya na farko kuwa, Jamus da ta fi ta dogaro da gonakinta ta kai ga ciyar da mutanenta da abincin dabbobi a hunturun 1916 zuwa 1917. Tsarin rabo yana cikin manyan abubuwan da suka bambanta su, kuma matakansa sanannu ne.

Ƙarancin abinci a lokacin yaƙi ta hanya huɗu yake zuwa. Ana karkatar da jirage da motoci zuwa dakon makamai, majiya ƙarfi suna barin gona, soja yana cin abin da ya fi na farar hula, sannan masana'antun yaƙi suna zuba albashi a hannun jama'a alhali kaya na raguwa. Idan aka bar kasuwa ta yi halinta, farashi ne zai yi rabon, mai kuɗi ya kwashe. Idan aka ƙayyade farashi kawai, layi ne zai yi rabon, wanda ya riga zuwa ya samu, sauran kaya kuma su sulale ta bayan kanti. Saboda haka ƙayyade farashi da rabo tare suke tafiya, kada a yi ɗaya a bar ɗaya.

Lissafi kafin komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Birtaniya ta kafa sashen tsara abinci na lokacin yaƙi tun 1936, kuma an buga littattafan rabo masu ɗauke da tikitin sayen abinci an ajiye kafin a harba harsashi ko ɗaya. Aikin farko na irin wannan sashe shi ne sanin abu uku game da kowane kaya: nawa ake nomawa a gida, nawa ake shigowa da shi kuma daga ina, nawa ke cikin rumbuna yau.

Daga nan sai a gwada rabon da ake son bayarwa a kan takarda. Misali, ƙasa mai mutum miliyan 10 da za ta ba kowa giram 227 na sukari a mako tana buƙatar tan 2,270 kowane mako, wato kusan tan 118,000 a shekara. Wannan na gidaje ne kaɗai. Sai an ɗora na soja, na asibitoci, na kantin ma'aikata, na masu yin burodi da kayan gwangwani, da wanda zai lalace a hanya ko ya nutse a teku. Idan jimlar ta zarce abin da ake da tabbacin samu, a rage rabon tun yanzu. Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a duk wannan aiki ita ce kada a buga tikitin da ba a da kayan biyansa. Ranar da mace ta miƙa tikiti aka ce mata babu, daga ranar littafin ya zama takarda, kuma kowa zai koma neman kansa.

A zaɓi abinci ɗaya ko biyu mai cika ciki a bar shi ba iyaka. Birtaniya ta zaɓi burodi da dankalin turawa, kuma ba ta sa su a rabo ba har yaƙin ya ƙare. Masana abinci biyu na Jami'ar Kambirij, Elsie Widdowson da Robert McCance, sun gwada wannan a jikinsu a ƙarshen 1939: suka taƙaita nama, madara, ƙwai da mai ƙwarai, suka ci burodi, dankali da ganye iya son ransu, suka yi aiki mai wuya, lafiyarsu ba ta taɓu ba. Amfanin wannan tsari shi ne mai aikin ƙarfi da yaro mai tasowa suna da inda za su cike gurbi ba tare da sun je kasuwar bayan fage ba.

Wurin da ke cikin jirgin ruwa shi ma kaya ne da ake rabawa. A daina shigo da abin da yawancinsa ruwa ne ko ƙashi. Shi ya sa aka koma ga garin ƙwai, garin madara da naman da aka cire wa ƙashi. A rage shigo da abincin dabbobi, domin eka ɗaya ta alkama ko dankali tana ciyar da mutane ninkin-ba-ninkin abin da eka ɗaya ta kiwo ke ciyarwa. Birtaniya ta biya manoma fam 2 kan kowace ekar makiyaya da suka mayar gona, ƙasar nomanta ta ƙaru da kusan rabi, abincin da take shigowa da shi ya ragu da kusan rabi. Daga 1942 ta hana farin burodi, aka koma niƙa alkama da dusarta, ana fitar da gari kashi 85 cikin ɗari na ƙwayar. Amma rage dabbobi a hankali ake yin sa. A 1915 Jamus ta yanka aladu kimanin miliyan 5 cikin 'yan watanni don a tsimi hatsi da dankali. Nama ya yi kwantai na ɗan lokaci, sannan ya ɓace, kitse ya yi wuya, gonaki kuma suka rasa taki.

Gwamnati ta riƙe kayan daga tushe

Ba za ka raba abin da ba ya hannunka ba. Ma'aikatar Abinci ta Birtaniya ta zama ita ce mai sayen yawancin abincin da ke shigowa ƙasar, daga farkon 1940 kuma dabbobin yanka ta hannunta suke bi, aka rufe ƙananan mayanka da yawa aka tattara yanka a wuraren da za a iya sa ido. Ba ta kori 'yan kasuwa ba. 'Yan sari da masu kanti da mahauta sun ci gaba da aikinsu a kan ribar da aka yanka musu, ma'aikatar ma ta ɗauko ƙwararru daga cikinsu ta ba su ofis. Wannan dabara ce mai kyau, don su suka san hanyoyin kaya, su kuma suka san ramukan da kaya ke zurarewa.

Rajistar jama'a

Ranar 29 ga Satumba 1939, kwana 26 kacal da shiga yaƙi, aka yi wa mutanen Birtaniya rajista gida-gida, aka rubuta kimanin mutum miliyan 41 a Ingila da Wales kaɗai, aka ba kowa katin shaida. Da wannan rajista aka raba littattafan rabo. Amurka, wadda ta shiga yaƙin ranar 8 ga Disamba 1941 bayan harin Japan a Pearl Harbor, makarantun firamare ta yi amfani da su: a farkon Mayu 1942 malamai suka zauna kwana huɗu suna rubuta iyalai suna miƙa musu littafin farko.

Littafi ɗaya ga mutum ɗaya, har jariri, ba ga gida ba. Gida yana rabuwa, mutum yana tafiya aiki wani gari, ana kwashe yara daga biranen da ake jefa wa bam, kuma dole littafin ya bi mai shi. A haɗa rajistar rabo da ta haihuwa, mutuwa da shiga soja, ta yadda za a karɓe littafin mamaci da na wanda ya koma cin abincin bariki. In ba haka ba cikin shekara guda littattafan da ke yawo za su fi mutanen da ke raye yawa. A bambanta launi don mai kanti ya gane da kallo ɗaya. A Birtaniya na manya ruwan ƙasa ne, kore na masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5, shuɗi na yara daga 5 zuwa 16. Rabo ma yana gyara rajista da kansa: wanda ya ɓoye ɗansa don gudun aikin soja zai fito da sunansa ranar da ya ga ba littafi ba sukari.

Wane irin rabo ga wane kaya

Nan ne aka fi yin kuskure, saboda ana ɗauka hanya ɗaya za ta yi wa kowane kaya. Hanya uku ce.

Ta farko rabon awo, ga kayan da kowa ke amfani da shi kowane mako kuma bai da bambancin iri sosai. Da shi Birtaniya ta fara ranar 8 ga Janairu 1940, a kan sukari, man shanu da kyafaffen naman alade. Sukari ya fara da oza 12 a mako, daga baya ya zauna a oza 8, wato giram 227. Ganyen shayi ya shiga a Yuli 1940 da oza 2, kimanin giram 57. Cuku ya fara a Mayu 1941 da oza 1 kacal. Ga yawancin irin wannan kaya mutum yana yin rajista da kanti ɗaya, mai kantin ya yanke wani ɓangare na littafin ya kai ofishin abinci na yankin, a riƙa aiko masa da kaya daidai da yawan masu rajistarsa. Ribar wannan ita ce an san adadin da za a kai kowane lungu tun kafin mota ta tashi. Illarsa ita ce mai saye ya zama ɗan hannun mai kanti, don haka a ba shi damar canza kanti lokaci-lokaci.

Ta biyu rabon kuɗi, ga kayan da irinsa ya bambanta. Nama ne misali. Idan aka ce kowa giram 500, kowa tsoka zai nema, ƙashi da jijiya su rage wa mahauci. Birtaniya ta fara rabon nama a Maris 1940 da sule 1 da kwabo 10 a mako, daga baya ya sauko ya daɗe a sule 1 da kwabo 2. Mai son tsoka ya samu kaɗan, mai ɗaukar yanka mai araha ya samu da yawa, duk dabbar ta shige.

Ta uku rabon maki, ga kayan da ba su isa a ba kowa kaso ba, ko waɗanda ba kowa ke so ba: naman gwangwani, kifin gwangwani, wake, shinkafa, busassun 'ya'yan itace, biskit. An fara shi a Birtaniya a Disamba 1941 da maki 16 ga kowane mutum a mako huɗu, ana kashe su a kowane kanti ba tare da rajista ba. Amurka ta ɗauki tsarin a Maris 1943, shuɗin tikiti na kayan gwangwani maki 48 a wata, jan tikiti na nama, cuku da mai maki 16 a mako. Maki kuɗi ne na biyu da gwamnati ke iya juya farashinsa. Kayan da ya ƙare da wuri a ɗaga makinsa a zagaye na gaba, wanda ya yi kwantai a sauke. Sai dai kada a buɗe tsarin sai an tara kaya an cika kantuna tukuna, kuma jimlar makin da ke hannun jama'a kada ta wuce jimlar makin kayan da ke ƙasa. A tanadi canji ma. Amurka ta sha wahalar wannan har 1944, lokacin da ta fitar da ƙananan kwabbai ja da shuɗi masu maki ɗaya-ɗaya.

Kayan da ke saurin lalacewa ko masu zuwa da kaka, irin su ƙwai da madara, ba a yi musu alkawarin adadi. Ana rabawa gwargwadon abin da ya samu, masu fifiko su fara. Ɗanyen kifi da ganye da 'ya'yan itace Birtaniya ba ta sa su a rabo ba, a gabansu kuwa aka fi ganin dogon layi.

Tikitin da aka karɓa dole ya koma sama ta hanyar da kaya ya sauko: daga mai kanti zuwa ɗan sari, daga ɗan sari zuwa ofis, a ba kowa sabon kaya daidai da abin da ya mayar. Ƙirga miliyoyin 'yan takardu da hannu aiki ne mai cinye ma'aikata, shi ya sa daga 1943 Amurka ta sa bankuna suka buɗe wa manyan 'yan kasuwa asusun maki, suna ajiya suna rubuta cak kamar na kuɗi. Tikitin da ya gama aiki a ƙona shi a gaban shaidu, don wanda aka jibge a sito shi ne ke sake dawowa kasuwa.

Ranar sanarwa

Jita-jitar rabo ta fi rabon kansa haɗari. A Fabrairu 1917 labari ya bazu a Fetirograd, babban birnin Rasha a lokacin, cewa za a fara rabon burodi, jama'a suka yi wa gidajen burodi tsinke, layukan suka rikiɗe zanga-zanga, cikin kwanaki sarautar Rasha ta faɗi. A Amurka an yi ta maganar rabon gahawa makonni kafin a fara shi a Nuwamba 1942, masu hali suka kwashe na kantuna.

Hanya biyu ce ke aiki. Ko dai a yi shiru a sanar ranar hutu, dokar ta fara nan take, kamar yadda Birtaniya ta yi da tufafi ranar Lahadi 1 ga Yuni 1941. An ɓoye shirin har ba a buga tikitin tufafi ba, sai aka ce a yi amfani da wasu tikitin bota da ba a taɓa ba a cikin littafin abinci, kowa tikiti 66 a shekara. Ko kuma a dakatar da sayar da kayan na kimanin mako guda, a sa kowa ya bayyana abin da ya tara a gida, a cire masa tikiti daidai da rarar. Haka Amurka ta yi da sukari a 1942 da kayan gwangwani a 1943.

Kuma kada a soke tikitin da mutane suka tara da haƙurinsu. A ƙarshen Disamba 1944 ofishin kula da farashi na Amurka ya soke tarin tikitin da ke hannun jama'a ba gargaɗi. Abin da matan gida suka koya daga nan shi ne a kashe tikiti da zarar ya fito, ko da ba a buƙatar kayan. Idan ana tsoron taruwar tikiti, a rubuta wa kowanne ranar ƙarewa tun farko.

Kowa daidai, ko kowa da matsayinsa

Tarayyar Sobiyat ta raba jama'a aji-aji daga Yuli 1941: ma'aikacin masana'anta giram 800 na burodi a rana, waɗanda ke ƙarƙashin kulawar wani giram 400. Da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningirad ƙawanya, rabon ya faɗi a Nuwamba 1941 zuwa giram 250 ga ma'aikata da 125 ga sauran, kuma 'yan kaso na ƙasa ne suka fi mutuwa. Birtaniya ta ba kowane babba kaso ɗaya, har gidan sarauta da littattafansu, sannan ta biya buƙatar masu aikin ƙarfi ta wata ƙofa: kantin abinci a masana'antu, gidajen abinci masu araha na hukuma da suka kai kimanin 2,000 a 1943, da ƙarin cuku ga masu haƙar kwal da ma'aikatan gona waɗanda ba su da kantin. Yara da masu ciki aka ba su madara kyauta ko a farashi mai rahusa, da man hantar kifi da ruwan lemo. Wanda ba ya cin nama aka musanya masa da cuku.

Inda abinci ya isa a yi haka, tsarin Birtaniya ya fi. Da zarar an buɗe aji-aji, kowace sana'a za ta zo da hujjar cewa aikinta ya fi wuya, ofis ya cika da ƙorafi, takardun shaidar aiki na jabu su yawaita. A kuma toshe ƙofar masu kuɗi, domin ba abin da ke kashe haƙurin talaka kamar ya ga ana shagali a otal. A 1942 aka hana gidajen abinci a Birtaniya sayar da cin da ya wuce sule 5 ko ya wuce kala uku.

Tambayar da ya kamata mai tsarawa ya riƙa yi wa kansa kullum ita ce wa aka bari a waje. A yankin Bengal na Indiya a 1943, bayan Japan ta kama Bama an rasa shinkafar da ke zuwa daga can, hukumomin mulkin mallaka na Birtaniya sun tanadar wa sojoji da ma'aikatan masana'antun Kalkata, babban birnin yankin, abinci, aka ƙwace kwale-kwalen bakin teku don kada maƙiyi ya same su, farashin shinkafa ya ninka sau da yawa. Masunta da 'yan ƙodagon ƙauye, waɗanda ba su da gona kuma ba su da kati, su ne suka mutu, tsakanin mutum miliyan 2 zuwa 3. Tsarin da ya tsaya a birni yana janye hatsi daga ƙauye ne, ya bar mai saye na ƙauye da farashin da ba zai iya ba.

Farashi da kasuwar bayan fage

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi girma ita ce farashin da ake ba manomi. Jamus a yaƙin farko ta riƙa ƙayyade farashi kaya ɗaya bayan ɗaya. Da aka danne hatsi manomi ya zuba wa dabbobi, da aka danne madara ya mayar da ita man shanu da cuku. A ƙayyade farashin kayan da ke maye gurbin juna a lokaci guda, a biya manomi abin da zai sa ya kawo kayansa da kansa, gwamnati ta cike gibin da ke tsakanin wannan da farashin kanti. Birtaniya ta ɗauki wannan tallafi a matsayin manufa daga kasafin 1941, don ta riƙe tsadar rayuwa kada ƙungiyoyin ƙwadago su yi ta neman ƙarin albashi.

Masu bincike su fi sa ido a tashar jirgin ruwa, sito, mayanka da ofishin da ake ajiye littattafan da ba a raba ba, saboda a nan ake sata mai yawa. Maƙwabciya da ta ba maƙwabciyarta shayi ta karɓi sukari ba ita ce matsalar ba, bin irinta ma yana jawo wa tsarin baƙin jini a banza. A buga farashi da makin kowane kaya a jarida kuma a tilasta wa kanti ya liƙa su a bango. A kuma koya wa mutane yadda za su dafa baƙon abinci, don garin ƙwai da aka jiƙa ba daidai ba kwandon shara yake tafiya. Ma'aikatar Abinci ta Birtaniya, a ƙarƙashin ministanta Lord Woolton, tana da shirin minti biyar a rediyo da safe don wannan kaɗai.

Janyewa

Ƙarewar yaƙi ba ta kawo ƙarshen ƙaranci. Birtaniya ta sa burodi a rabo a Yuli 1946, abin da ba ta yi ba a tsakiyar yaƙi, ya kai har 1948, nama kuwa sai Yuli 1954 aka sake shi. A janye kaya ɗaya-ɗaya, kuma alamar lokaci ya yi ita ce mutane sun daina karɓar cikakken kasonsu, kaya na kwana a kanti. Birtaniya ta saki alewa da cakulan a Afrilu 1949 kafin a kai wannan matsayi, kantuna suka zama wayam, bayan wata huɗu aka mayar da rabon, ba a sake cire shi ba sai Fabrairu 1953. Amurka ta bar dokar farashi ta faɗi a ƙarshen Yuni 1946, nama ya yi tashin gwauron zabi, aka maido da dokar, makiyaya suka riƙe dabbobinsu suna jira, mahauta suka rasa abin sayarwa har aka cire ta daga kan nama a Oktoba. Kafin a saki kowane kaya a tara ajiyar da za ta ɗauki ruguguwar sayayyar makonnin farko, kuma a bar rajista da ofisoshin yanki a tsaye har sai an saki kaya na ƙarshe.